Daji, Sankara da Kansa: Matsalar Sunayen Ciwon Baki Mai Alaƙa da Ƙanjamau Tsakanin Hausawan Mushin da Agege

1.0 Gabatarwa

Masana harsunan Nijeriya sun daɗe suna tattauna batun ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi, musamman tun bayan fitowar littafin kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Sai dai mafi yawan wannan tattaunawa ta tsaya ne a kan bukatun aji, inda kuskuren kalma ba ya jawo abin da ya wuce faɗuwa jarrabawa. A fagen kiwon lafiya kuwa, kalmar da aka zaɓa tana iya sa maras lafiya ya amince da magani, ko ya tattara kayansa ya koma gida. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ire-iren kansar baki da ke da alaƙa da ƙwayar HIV, sa'an nan ta dubi sunayen da Hausawa mazauna Legas suke kiran su da su, domin a ga irin nauyin da kowane suna yake ɗauke da shi idan ya fita daga bakin tafinta ya shiga kunnen majinyaci. Misalan jimlolin da za a gani marubucin ne ya tsara su bisa irin maganganun da yake ji a unguwannin, domin zama a nan ya sa akan nemi malamin Hausa ya raka wani ganin likita.

2.0 Muhallin Magana

An zaɓi Mushin ne saboda a unguwar Idi-Araba da ke cikinta aka kafa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1962, kuma a nan ne aka buɗe makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Nijeriya cikin shekarun 1960. A 2019 aka ƙara buɗe cibiyar kula da masu kansa a harabar asibitin. Daf da katangar wannan asibiti akwai tsohon mazaunin Hausawa, kamar yadda ake da wani a Agege, inda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka tara fatake tun farkon ƙarni na 20. Hausar waɗannan wurare gauraye take: akwai ta haifaffun Legas waɗanda suke jin Yarabanci kamar 'yan gari, akwai ta 'yan ci-rani daga Kano da Katsina da Sakkwato, akwai kuma ta mutanen Maraɗi da Tawa da Damagaram. Likitan da zai duba su, a galibi, da Ingilishi ya yi karatu, da Yarabanci ko Buroka yake magana da talaka. Saboda haka bayanin ciwo yakan ratsa harsuna biyu ko uku kafin ya isa ga mai ciwon.

A Legas ɗin ne aka fara gano mai ɗauke da cutar ƙanjamau a Nijeriya, aka kuma ba da sanarwa a 1986. Binciken ƙasa baki ɗaya da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar, an kuma ƙiyasta masu ɗauke da ita a ƙasar da kimanin miliyan 1.9.

3.0 Ire-iren Kansar Baki Masu Alaƙa da HIV

Aikin ƙwayar HIV a jiki shi ne kashe wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne jagororin garkuwar jiki. Mai lafiya yana da kimanin 500 zuwa 1,500 daga cikinsu a kowane ɗigon awo na jini, in kuwa suka yi ƙasa da 200 sai a ce cutar ta kai matakin ƙanjamau. Abin lura a nan shi ne, ita HIV ba ta haifar da kansa da kanta. Wasu ƙwayoyin cuta ne da suka daɗe kwance a jikin mutum, garkuwa na danne su, suke samun sarari idan garkuwar ta raunana. Baki kuma yana cikin wuraren da alamun wannan rauni suke fara bayyana, shi ya sa masana a Turai suka fitar da rabe-raben cututtukan baki masu alaƙa da HIV a 1993.

Ta farko, kuma wadda aka fi dangantawa da ƙanjamau, ita ce kansar Kaposi. An sa mata sunan Moritz Kaposi, likitan fata ɗan ƙasar Hangari da ya yi aiki a birnin Biyana, wanda ya fara bayyana ta a 1872 a jikin wasu dattawa. An san ta a tsakiya da gabashin Afirka tun kafin zuwan ƙanjamau, amma bayyanarta a jikin matasa a biranen Niyok da jihar Kalifoniya ta Amurka a 1981 tana cikin abubuwan da suka fara nuna wa duniya cewa wata sabuwar cuta ta ɓullo. A 1994 ne Yuan Chang da Patrick Moore suka gano ƙwayar da ke haddasa ta, wato HHV-8, wadda galibi ta yawu take yaɗuwa. A cikin baki ta fi fitowa a rufin baki, sa'an nan dasashi da bisan harshe. Takan fara da tabo shimfiɗaɗɗe, ja mai duhu, wanda ba ya ciwo, ba ya kuma dushewa in an danna shi. Daga baya sai ya tasa ya zama ƙullutu, ya riƙa zubar da jini, ya hana tauna da haɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan kansa cikin alamun mataki na huɗu, wato na ƙarshe, na cutar HIV. Wato ke nan likitan haƙori da ya ga irin wannan tabo dole ne ya nemi a yi gwajin jini, ko da mai tabon bai taɓa kwanciya ba.

Ta biyu ita ce limfoma, wato kansar ƙwayoyin garkuwar jiki su kansu, waɗanda suke taruwa a kaluluwa. A baki takan zo da kumburi mai saurin girma a dasashi ko rufin baki ko muƙamuƙi, haƙora su yi ta girgiɗi ba tare da sun ruɓe ba. Sau da yawa tana da nasaba da ƙwayar EBV, wadda aka gano a 1964 a cikin kumburin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Akwai wani nau'inta da aka fara bayyanawa a 1997 wanda ya fi kama bakin masu ɗauke da HIV. Haɗarinta shi ne kamarta da ƙurjin haƙori, har a cire haƙorin, kumburin kuma ya ci gaba.

Ta uku ita ce kansar fatar da ta lulluɓe cikin baki, wadda ita ce ta fi yawa a tsakanin jama'a baki ɗaya, masu HIV da marasa ita. Manyan musabbabanta su ne taba, ta sha da ta gari da ake cusawa a leɓe, da barasa, sa'an nan ƙwayar HPV, musamman nau'i na 16, wadda ta fi taɓa tushen harshe da mashigar maƙogwaro. Raunin garkuwa yana ƙara haɗarin kamuwa da ita. Takan fito a matsayin miki mai taurin gefe a gefen harshe ko ƙarƙashinsa. Ƙa'idar likitoci ita ce duk mikin baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba a kai shi a duba.

Akwai wasu alamu biyu da suke yawan rikita mutane alhali ba kansa ba ne: farin dattin nan mai kama da gudajin nono da ke gogewa, da kuma wani farin zane a gefen harshe wanda ba ya gogewa, da aka bayyana a 1984. Sunan na biyun a Ingilishi yana ɗauke da kalmar da ke nufin gashi, amma fassara shi da "mai gashi" ɓata ne, domin babu gashi ko ɗaya a wurin.

Duk ukun nan, hanya ɗaya ce ta tabbatar da su: a tsakuri ɗan nama daga wurin a duba shi a madubin likita. Maganinsu kuma ya haɗa da shan magungunan danne HIV, waɗanda gwamnatin tarayya ta fara rabawa a 2002, da magungunan kansa da ake sawa ta jijiya, da gashi da na'ura, da tiyata a wasu lokuta. Kansar Kaposi da aka kama da wuri takan ja baya da magungunan danne HIV kaɗai. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu na tsakura da allura, domin a kansa ne matsalar suna za ta taso.

4.0 Sunaye Uku da Abin da Suke Ɗauke da Shi

4.1 Daji

Kalmar da ta fi yawo a gidajen rediyo da jaridu ita ce "ciwon daji" ko "cutar daji". Ita ce kuma ta fi saurin zuwa bakin tafinta. Amma daji ya girmi zuwan likitancin Turai ƙasar Hausa, kuma ma'anarsa ta gargajiya ta fi ta kansa faɗi ƙwarai. Bahaushe yakan kira daji ga kumburi mai zafi da ke yaɗo a ƙafa ko hannu, da gyambon da ya ƙi warkewa, da ƙurji mai cin nama, ko mene ne sanadinsu. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyin cuta ne na yau da kullum suke kawo su, wasu ma sukan warke da kansu. Saboda haka idan mai maganin gargajiya a Agege ya ce ya warkar da daji sau da dama, a ma'anar da yake nufi ba ƙarya yake yi ba. Shi kuma likita idan ya ce saiwa ba ta warkar da wannan ciwo, shi ma gaskiya ya faɗa. Kalma ɗaya ce ta haɗa abubuwa biyu, majinyaci kuma ya fi karkata ga wanda ya yi masa alkawarin waraka da harshensa.

Abu mafi nauyi shi ne imanin da ke tafe da kalmar, wanda ya yaɗu a ƙasar Hausa, cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in an taɓa shi da su sai ya fusata ya bazu. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Baba, likita ya ce daji ne, za su ɗan yanki wurin su duba.
(2) A'a, yaro. In dai daji ne, ai ba a sa masa ƙarfe.

A jimla ta (1) tafinta ya isar da saƙo biyu, yana ganin na biyu ya biyo bayan na farko. A kunnen dattijon kuwa saƙon farko ya soke na biyu, amsarsa a (2) kuma daidai take da ilmin da kalmar ta zo masa da shi. Ba jahilci ya kamata a kira wannan ba, domin mutumin ya fahimci Hausar da aka yi masa sarai. Haka nan imanin yana samun abin da zai ƙarfafa shi daga abin da ido ke gani: mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, a yi tsakura, bayan 'yan makonni rai ya yi halinsa, sai a ce ƙarfen ne. A ra'ayin marubucin, wannan kalma ta dace da kanun labari, amma ita ce mafi haɗari a ɗakin likita.

4.2 Sankara

Sankara a asali illa ce da ke kama goro, ta cinye shi daga ciki alhali bayansa na nan da kyau. Daga nan aka aro ta aka ce sankarar mama, sankarar mahaifa, sankarar jini. Wannan aro yana da kyau ta fuskar ma'ana, kuma babu inda za a fi gane shi kamar Agege, inda tsofaffin 'yan goro suka san cewa ƙwaya ɗaya mai sankara in ba a tsame ta daga huhu ba sai ta ɓata saura. Hoton da kalmar ke zanawa, wato ɓarna daga ciki da kuma tsamewa da wuri, ya yi daidai da abin da likita ke son majinyaci ya gane. Bugu da ƙari, ba a jin mutane suna cewa sankara ba ta son allura.

Illarta biyu ce. Matasa haifaffun Legas da yawa ba su san ta ba. Sa'an nan a rubuce tana rikicewa da sanƙarau, ciwon da ke sanƙarar da wuya, musamman a takardun wayar da kai da ake bugawa a maɗaba'un da ba su da haruffa masu lanƙwasa. Idan aka cire lanƙwasar ƙ, abin da ya raba kalmomin biyu harafi ɗaya ne tak a ƙarshe, mai karatu kuma yana iya zaton allurar rigakafin sanƙarau da aka yi masa a gida ta kare shi.

4.3 Kansa

Wannan ararriyar kalma ce, kuma ta zauna a Hausar Legas fiye da ta Arewa saboda cuɗanya da Buroka. Ba ta ɗauke da camfin ƙarfe, amma tana ɗauke da wani nauyin: ga mafi yawan masu jin ta, hukuncin mutuwa ce. A rubuce kuma tana karo da "kansa" ta mallaka, kamar a "ya dafe kansa", ko da yake karin sauti da muhallin jimla suna raba su a baka. Masu jin Yarabanci kuma sukan ji an ce "jẹjẹrẹ", su mayar da ita daji idan sun juyo Hausa, sai a koma gidan jiya.

4.4 Ƙanjamau

Sunan cutar da ke ƙarƙashin waɗannan duka shi ma yana da tasa matsalar. Ƙanjamau ta samu ne daga aikatau "ƙanjame" da ɗafa-ƙeyar -au, kamar yadda sanƙarau ta samu daga "sanƙare". Suna ne da ke nuni ga rama, wato kamannin majinyaci a ƙarshen cuta a zamanin da babu magani. Mai dako a kasuwa, ƙaƙƙarfa, wanda tabon rufin baki ne kaɗai alamarsa, yana da hujjar harshe ta ƙin gwaji:

(3) Haba likita, dube ni fa. Ina ƙanjamau a jikin nan?

Mutanen Nijar sukan ce "sida", a titi kuma akan ji "kabari kusa", wadda ta fi kowace muni. Aikin da ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan suka fitar a 2017 ya raba abu biyun: "karya-garkuwa" ga ƙwayar HIV, "ƙanjamau" ga matakin da cuta ta bayyana. Wannan rabewa ita ce ainihin abin da likitan baki yake bukata, domin tana ba tafinta damar cewa mutum na iya ɗauke da karya-garkuwa shekaru yana cike da riga.

5.0 Sassan Baki da Launi

A nan ne manazarta harshe suke da abin bayarwa wanda ba su lura suna da shi ba. Ilmin furuci na Hausa, kamar yadda ake koyar da shi a littattafan Farfesa Mu'azu Sani Zariya, ya riga ya raba rufin baki kashi uku: hanƙa, inda harshe ke taɓawa a furucin /t/ da /d/, ganɗa, inda ake furta /y/, da hanɗa, inda ake furta /k/ da /g/, sa'an nan beli a can ƙarshe. Wannan taswira ta yi daidai da ta likitoci. Kansar Kaposi ta fi son ganɗa, limfoma takan kama dasashi da ganɗa, wadda HPV ke kawowa kuma ta fi zama daga hanɗa zuwa tushen harshe. Gaskiya ne mutumin kasuwa ba ya rarrabe kalmomin uku yadda ɗalibin jami'a yake yi, amma ana iya kai shi wurin ta hanyar sauti:

(4) Malam, ka ce "yaya". Inda harshenka ya matsa sama, nan za ka duba a madubi.

Launi ya fi wuya. Littattafan likitanci sun siffanta tabon Kaposi da launin da aka gani a bakin fararen fata. Kalmar Hausa mafi kusa ita ce shunayya, amma ta zama ta masaƙa da marina, ba kowa ke amfani da ita ba. A bakin baƙar fata tabon yakan yi duhu ya koma wajen makuba ko baƙi-baƙi, ga shi kuma dasashin mutane da yawa yana da baƙin halitta wanda ba ciwo ba ne. A ƙara da jan goro, da na fure da wasu mata suke shafa wa haƙora, sai a ga cewa "jan tabo a baki" bayani ne da ba zai tsorata kowa ba a unguwar 'yan goro. Abin da ya fi amfani shi ne a siffanta halin tabon: sabo ne, a wuri ɗaya yake, asuwaki ba ya fitar da shi, yana kuma faɗaɗa.

6.0 Tafinta da Sirri

Tun da kansar Kaposi a bakin matashi kusan kullum tana nuni ga HIV, faɗin sunanta faɗin sunan ɗayar cutar ne. Tafinta a Idi-Araba ko Agege kuwa ba ma'aikacin asibiti ba ne a mafi yawan lokuta. Ƙane ne, ko maƙwabcin rumfa, ko yaron maigidan da ya sauki baƙo. Dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da HIV ta 2014 ta hana bayyana matsayin mutum ba da izininsa ba, amma dokar ba ta tanadi wanda zai tsaya tsakanin likita da ɗan ci-ranin da ba ya jin Ingilishi ba. Kunya kuma tana aiki ta fuska biyu: ɗa ba zai iya faɗa wa mahaifinsa irin wannan magana kai tsaye ba, sai ya sassauta ta zuwa "zafi ne ya yi maka yawa", uban kuma ya tafi neman maganin zafi.

Shawarar wannan maƙala ita ce a jinkirta suna, a gabatar da siffa da aiki. Maimakon jimla ta (1), tafinta na iya cewa:

(5) Baba, likita ya ce wani tsiro ne a ganɗarka. Ire-irensa suna da yawa, kowanne da maganinsa. Za su kashe zafin wurin, su ɗauki abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, domin su san wanne ne.

In sakamako ya fito aka tabbatar, sai a yi amfani da sankara tare da sunan wurin: sankarar ganɗa, sankarar dasashi, sankarar harshe, sankarar kaluluwa. Tsarin suna da mallaki ne wanda harshen ya riga ya saba da shi a sankarar mama, don haka ba ya bukatar koyarwa. Maganar gwajin karya-garkuwa kuma a ware ta, a tambayi majinyaci tukuna wa yake so ya tsaya a ɗakin. Sassan Hausa na manyan makarantun da ke Legas suna da ɗalibai masu jin Hausa da Yarabanci da Ingilishi, waɗanda ba su da dangantaka da majinyatan, kuma sun riga sun san inda hanƙa ta ƙare da inda ganɗa ta fara tun a shekararsu ta farko.